Mai Fanka Uku

Gonar gadonmu ta Kufena muka sayar, ni da ƙanena Sabi'u, don mu buɗe shagon wasan kwamfuta a Ƙofar Kibo. Ya ce samari ba sa zama sai hoto na gudu sumul, zai raka ni zaɓen kaya. Na ƙi. Ai ina ajin yaƙi da jahilci, ina karanta kwali da kaina.

A shagon masu sayar da kayan kwamfuta na yi yadda nake sayen rago: ɗagawa a ji nauyi. Girafik kad, mai zana hoton wasan, na ɗauki mafi nauyi, mai fanka uku. Furosesa kuwa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, bai kai kwalin ashana ba.

Mai shago ya ce, "Malam, ɗauki mai ƙarfi."

"Wannan ɗan abin? Ba ni na araha."

Ranar buɗewa fankoki na gurnani, hoto na ɗingishi don furosesan araha ya gaza, samari suka fice ɗaya bayan ɗaya. Sabi'u ya ce, "Yaya, gonar Baba ce ke ɗingishi haka."

Yanzu cajin waya muke yi. Har yau, in zafi ya tsananta, sai 'yan majalisar hira ta ƙofar shagonmu su ce mini, "Mai Fanka Uku, a kunna mana ko ɗaya!"