Yadda Ake Raba Tarwadar Suruki da Kumfa

Idan surukinka ya ba ka ajiyar tarwadarsa, randar da ka saka ta a ciki kuma ta kama fitar da kumfa, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun gwani. Bi matakan nan tiryan-tiryan, na yi maka alkawari ko ƙwayar kumfa ɗaya ba za ka ƙara gani ba. An jarraba su bana a Mairuwa, a gidan Gide mijin Suwaibatu, kuma kumfa ta ɗauke ƙaf.

Mataki na 1: Fara da cika baki

Sai ka nuna ka iya kafin a ba ka ajiya. Gide ya taɓa yin damina guda yana jawo wa kukun wani Baturen auduga ruwa a Funtuwa. Wata rana ya leƙa ta taga, ya ga 'yan kifaye cikin akwatin gilashi da wani tiyo a ciki, Bature na tsaye yana nuna kumfa yana zazzaga wa kuku faɗa. Leƙe ɗaya ne, amma ya ishi mai basira. Daga ranar Gide ya zama malamin kifi, kuma ya riƙe karatu guda: kumfa aibi ce.

To sai ga surukinsa Baba Audi na Mabai zai yashe rijiya. A cikin rijiyar akwai tarwada, irin wadda ake jefawa ta riƙa cinye ƙwari. Marigayiya Dada, uwar Suwaibatu, ita ta jefa ta da hannunta. Tun bayan rasuwarta tsohon kan zauna bakin rijiya da hantsi, yana marmasa wa kifin tuwo yana yi masa hira.

Baba Audi ya yi niyyar ajiye ta a kwatarniya har a gama aiki. Gide ya ce, "Haba Baba, kwatarniya kamar wankin kwanoni? Ku ba ni ita, in yi mata riƙon Turawa."

Ka ji yadda ake magana. Tsohon ya yarda, Gide ya ɗoro ta a tulu bisa jaki har gida.

Mataki na 2: Haɗa inji

Nemi randa, da tsohuwar garwar kananzir, da guntun tiyo daga wurin direban babbar mota. Huda gindin garwa, cusa tiyo, zuba yashi da gawayi, rataye ta a reshen ɗorawa ko duk icen da Allah ya hore maka. Kana zuba ruwa a sama, yana tacewa yana gangarowa cikin randa. Idan maƙwabta sun taru, kada ka yi musu bayani. Daure fuska kawai ka riƙa gyaɗa kai.

Mataki na 3: Ɗora wa wani laifi

Kumfa za ta fito, ɓul-ɓul, a gaban jama'a. Kada ka firgita. Gide ya ce ruwan Mairuwa ne ya cika iska. Da aka kawo na rafi aka ga duk ɗaya, ya ce Suwaibatu ce ta zuba da garaje.

Ta ce, "Malam, ni fa tun ina ƙarama nika ganin kihin nan na kumfarshi a rijiya."

"Rijiya daban, inji daban," in ji Gide. Riƙe wannan amsa, tana kashe bakin kowa.

Mataki na 4: Girgiza, karkata, liƙe

Nan ne aikin gaske. Iska kan maƙale a cikin yashi, saboda haka rungumi garwa ka karkata ta hagu da dama har ta yi gyatsa. Rigarka za ta jiƙe, wannan shaidar gwaninta ce. Sannan bi mahaɗar tiyo da garwa ka liƙe da kakin zuma. Daga nan ka nutsar da bakin tiyo can ƙasan randa, ka danne shi da dutse.

Gide ya yi duk wannan, kuma gaskiya tiyo ya yi shiru. Wani malalacin a nan zai tsaya ya ce ya gama. Amma Gide da ya tsuguna ya zuba ido, sai ya ga tarwadar da kanta ta taso, ta buɗe baki a saman ruwa, ta koma ƙasa tana sakin kumfa biyu manya. Ransa ya ɓaci. Ashe ɓarnar daga cikin gida take.

Mataki na 5: Toshe hanyar iska gaba ɗaya

Yi lissafi irin na masu ilmi. Kifi na samun iska a sama, ya kai ta ƙasa ta zama kumfa. In babu sama fa? Cika randa maƙil har baki, kife akushi a kai, bi gefe da yumɓu ka shafe. Gide ya gama da azahar, ya wanke hannu, ya tafi kasuwa yana ba da labari.

Washegari da hantsi ya ɓamɓare yumɓu. Ruwa lumui, babu kumfa ko ɗaya, kamar yadda na yi alkawari. Tarwada tana kwance, farin cikinta a sama.

Suwaibatu ta leƙa. Ta ɗauko kifin da hannu biyu, ta nufi bayan rumbu da fartanya. Gide ya so a ce zaginsa ta yi.

Mataki na 6: Nemo wata

Tarwada duk tarwada ce, baƙa mai gashin baki. Gangara tafki wurin masunta ka zaɓi wadda ta yi kama. Gide ya samu Rabo masunci ya kamo masa wata, ta ɗan fi waccan kauri. Hakan ma riba ce, sai ka ce riƙon Turawa ne ya karɓe ta.

Mataki na 7: Mai da ajiya da fara'a

Ranar da aka aiko cewa an gama yasar rijiya, Gide ya sa rigar sallarsa ya kora jaki zuwa Mabai, Suwaibatu na biye. Ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, ya juye tulu cikin ƙwarya a bakin rijiya.

"Ga ta nan, Baba. Ku dubi yadda ta murje."

Baba Audi ya sunkuya. Ya marmasa tuwo a ruwan, ya ƙwanƙwasa gefen ƙwarya da yatsa. Kifi ya yi fatali da ruwa ya maƙure a gefe guda. Tsohon ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa guga, ya zura ta cikin rijiya a hankali, ya naɗe igiya.

A nan abin da ya kamata ka yi shi ne ka yabi aikin masu yasa, ka yi sallama, ka hau jaki. Gide har ya buɗe baki. Sai tsohon ya ce, ba tare da ya dube shi ba:

"Wagga Allah shi raya ta. Waccan fa, Gide, ta sha wuya?"

Babu matakin da ya tanadi wannan tambaya. Gide ya ji kunya ta rufe shi har ƙafa, ya zauna daɓas a kan laka da rigar sallarsa.

"Ta sha, Baba. Ni na toshe mata iska."

Baba Audi ya gyaɗa kai. Ya miƙa masa sauran tuwon da ke hannunsa, ya matsa masa wuri a bakin rijiya.

"To marmasa ma wagga. Ba ta san kowa ba tukuna."

Hattara

Mai wannan nasiha kumfa ya ce zai kawar, kuma ya kawar. Ran kifi, da shirun matarka, da idon tsoho a bakin rijiya, ba sa cikin abin da ya ɗauki nauyi. Wanda kuma ya bi matakai bakwai lafiya, sannan ya zo ƙarshe ya faɗi gaskiya, shi ya jiyo, kada ya ambaci sunana a Mabai.