Darakta Ya Ɗinka wa Gimbiya Kujeru

Duk wanda bai san Darakta ba, to bai san manya ba. Mutum ne da Allah Ya yi wa baiwar sanin komai, har abin da bai taɓa gani ba. Gaskiya ne bai taɓa zama darakta ba. Iyakarsa mataimakin mai kula da sito, inda ya yi ritaya yana gadin tsintsiya da ƙwan fitila. Amma wannan laifin hukuma ne da ba ta da ido. Mu mutanen layi muka gyara mata kuskurenta, muka naɗa shi kyauta, shi kuma ya karɓa ko godiya babu.

Wuyansa kuwa abin a zo a gani ne. Tun da muka san shi bai taɓa lanƙwasawa ba. In ka gaishe shi, gira ɗaya yake ɗaga maka. In ya ɗaga biyu, je ka yi sadaka, ka taki sa'a. An ce a ofis ma bulo ya sa aka jera ƙarƙashin kujerarsa, don duk wanda ya zo karɓar tsintsiya ya ɗaga kai kafin ya yi magana.

Abin da ya rage masa na waccan daula shi ne motarsa. Shi yana kiranta Gimbiya, mu muna kiranta Sai-da-Turi. Kujerunta sun yage, soso ya zama gari, wayoyin ciki sun leƙo suna neman wanda za su ci zarafi. Ran nan ɗaya daga cikinsu ta kama zanen uwargidansa a bakin asibiti, ta keta shi a bainar jama'a. Uwargida ta dawo gida ta yanke hukunci: ko a gyara kujerun kafin ranar taron tsofaffin ma'aikata, ko babban ɗansu ya kira masu sayen gwangwan su ɗora Gimbiya a sikeli.

Darakta ya miƙe ya gyara murya, kamar ana ɗaukarsa a rediyo.

"Ni zan kai Gimbiya wurin mai ɗinkin kujera? Mutumin da ko takarda bai taɓa sa wa hannu ba? Ku ji ni da kyau. Kujera ba ɗinki ba ce, tsari ce. Ni kuwa a kan kujera na ƙare rayuwata."

Nan kam ba ƙarya. Ta wajen zama, babu wanda ya kai shi sanin kujera.

Ya aika aka karɓo sufana daga makwabta, don manya ba sa aro. Ya kwance kujerun, ya baje su a tsakar gida, ya yage tsofaffin rigunansu ya cinna musu wuta. Babban ɗan ya ce, "Baba, da an bar su, ai da su za a auna sababbin."

"A auna sabo da tsoho? Shi ya sa ba kwa ci gaba."

Ya sayo leda ja jawur mai ɗaukar ido, ya yanka da ido, ya kama basilla. Ɗinkin ya fito kamar sawun kaza a rairayi. Kujerar baya ta tattare kamar wuyan talotalo. Ya ja baya ya ƙare mata kallo, ya ce wannan salo ne da bai iso nan ba tukuna.

Sai aka zo rabon soso, kuma a nan ne gwanin ya nuna adalcinsa. Kujerun fasinja ya shimfiɗa musu falle ɗaya siriri, wai fasinja ba kwana ya zo yi ba. Tasa kuwa ya ɗora sabon soso, ya ƙara rabin katifar baƙi, ya bi da matashin kujerar falo, ya malale tsakaninsu da gam har gwangwanin ya ƙare, don aikin ya kai jikoki.

"Direba shi ke zama ƙasa," in ji shi. "Mai mota sama yake zama. Ni mai mota ne da ke taimakon kansa da tuƙi."

Ya gwada ta nan tsakar gida, ya harɗe kamar alƙali, iyali na kallonsa daga ƙasa. Ta yi daidai. Abu ɗaya kaɗai ya kuɓuce wa wannan zurfin tunani: tsakar gida ba ta da rufi, mota kuwa tana da shi.

Sai da safiyar taro ya gama ɗaure notin ƙarshe. Ya fito cikin kaya sun sha sitaci, da doguwar hula. Mu kuma mun taru, don Gimbiya ba ta tashi sai da jama'a. Uwargida ta shiga baya ta nutse, ɗankwalinta kaɗai ake hange. Darakta ya sa ƙafa, ya haye. Hular ce ta fara yin murabus, ta faɗo bakin kwata. Kai ya bi bayanta, ya gaisa da rufi, ƙum! Kafin ya iya ganin titi sai da ya ranƙwafa, ya dunƙule kafaɗu, haɓa ta kusa taɓa sitiyari, kamar mai gaida surukai.

"Baba, ko a zare soso ɗaya?" in ji babban ɗan, alhali ya san gam ya riga ya yi rantsuwa.

"Kul! Haka manyan motoci suke. Zaman natsuwa ke nan."

Muka tura, ta tashi. Jama'a, ranar layinmu ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ga Darakta kai ba hula, a sunkuye, yana wuce mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma duk ramin da taya ta faɗa sai rufi ya ƙara masa ladabi. Mai aski ya saki aska. Mai faci ya dafe ƙirji ya ce, "Haba ranka ya daɗe, ai ni ya kamata in rusuna!" Wata tsohuwa da ya shekara yana watsa wa ƙura ta ɗaga hannu: "Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan. Ashe kana da tarbiyya."

A wurin taro wuyan ya ƙi komawa mazauninsa. Haka ya bi layin tsofaffin masinjoji a duƙe yana ba su hannu, suna amsawa a hankali don abin ya daɗe.

Da suka dawo, babban ɗan ya zaro waya. "Mama, in kira masu gwangwan?"

"Mayar da wayar nan aljihu," in ji ta. "Tun da aka kawo ni gidan nan nake roƙon Allah Ya nuna mini tsakiyar kan mahaifinka. Yau na gani tun daga gida har wurin taro, ashe ma sanƙo ne. Motar nan ba inda za ta."

Ka ga Darakta ya yi nasara, kamar kullum. Gimbiya ta tsira daga sikeli. Kowace safiya yana wucewa ta gabanmu a rusune, yana kwasar gaisuwa tun daga farkon layi har ƙarshensa.

Mu kuma mukan ɗaga masa gira ɗaya.