Rasuwar Ƙyas-ƙyas, Mai Awon Ƙarfe a Arlit

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da hannu mai warin ƙonanniyar waya, ni Rhissa, tsohon mai gyaran lantarki a ramin ma'adinai na Akokan, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar 'yar ƙaramar kwamfutata, wadda jama'a suka fi sani da Ƙyas-ƙyas. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a kan teburin shagona.

Marigayiyar ba ta fi tafin hannu girma ba. Na same ta bayan an rufe ramin, na haɗa ta da na'urar awon gubar yuraniyom, na yi mata ɗaki a gwangwanin madara. Tun daga nan duk wanda ya sayi tsohon ƙarfe a kasuwa sai ya biyo da shi ta wurinta. In lafiyayye ne, sai ta yi ƙyas, ta huta, ta sake yin ƙyas. In daga inda bai kamata ba ya fito, wato ramin, da guba a jikinsa, sai ta ɓarke kamar ana soya gyaɗa. Ba ta taɓa yi wa kowa kara ba. Ta taɓa hana liman ƙofar da ya riga ya kafa.

Ciwon ajalinta daga kart memuwar, wato katin ajiyar bayanai, ya fara, wanda ya tsufa ya soma mantuwa. Na sa sabo, amma sistam, wato manhajar da ke tafiyar da ita, wanda ake saukewa a shirye daga intanet bai san na'urar awon ba, dole sai na gina nawa. Ta yi ta haɗawa, rubutu na gudu a ekaran, wato allon kallo, farfelarta na fiii, sai ta tsaya a tsakiya da jan layi. Na ɗauka wuri ne ya ƙare a katin, na share, na sake. Ta kuma tsayawa, jikinta rau da zafi. Na ɗora ta a kan randa, na rufe da jiƙaƙƙen rawani daga gefe. Wannan karon ta yi nisa ƙwarai, har na dafa shayi. Tana cikin rubuta sabon sistam a katin aka ɗauke wuta.

Da wuta ta dawo, jar fitilarta kaɗai ta kama, koriyar ko ƙiftawa. Na canza kati, na canza caja, na kira Jibrin, tsohon abokin aikina da ke Tchirozérine, na karanta masa layin ƙarshe. Ya ce in shinshina ta. Na shinshina. Ya ce, “To, aboki, sai haƙuri.”

Ta rasu ta bar na'urar awo, wadda yanzu tana ji amma ba ta da bakin faɗa, da caja, da allon rubutu mai giɓin harafi. Ta bar Khalidu maƙeri da tulin ƙarfe mai jiran awo a ƙofar maƙera. Ta kuma bar 'Yargata mai tuwo, wadda ta kawo sabuwar tukunyar da aka ƙera mata saboda sunan jikanta don a auna, ta tarar da gawa. Ta ce, “Malam Rhissa, ni yanzu in dafa ko kar in dafa?” Na nuna mata marigayiyar a kan tebur. Ta bar tukunyar a shagon, ta tafi neman aron wata.

Za a rufe marigayiyar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, cikin gwangwaninta, a saman kantar shago. Ana karɓar gaisuwa a shago, akwai shayi. An aika Yamai neman wata kwamfutar da za ta zama magajiyarta, amma kowa ya san halin hanyar, ba mu sa rana ba. Kafin ta iso, duk wanda ya sayi ƙarfe, don Allah ya bar shi a waje, nesa da inda yara ke kwana.