Ƙwan Fitila Mai Ciwon Shawara

"Lafiya lau, ya aiki? Ina saƙona?"

Kaka ce ke amsa gaisuwar babban jikanta, wanda take tsokana da Maigida. Tana baranda gaban keken ɗinkinta, magariba ta kawo jiki. 'Yan ƙwarin tafkin bayan gida sun yi wa farin ƙwan fitilar da ke samanta dafifi kamar hayaƙi. Ba sa cizo, amma ido da hanci da kofin shayi duk nasu ne.

Ya miƙa mata sabon ƙwan fitila, ta jujjuya shi.

"Rawaya? Na ce ka ƙaro mini fari, ka kawo mai ciwon shawara?"

"Da haƙoranki na gwada, uwargida. Ragowar biyun nan."

"Ja'iri! Da su na tauna wa ubanka abinci."

"Shi ya sa bai yi tsawo ba. Mai shago ya ce farin haske ne ke kiran ƙwarin nan. Rawaya ba su cika ganinsa ba."

"Ni ma ba na ganinsa. Ka ga mun zama dangi da su."

Da wasa ta faɗa, amma sai ta ji maganar ta yi nauyi. Kwanan nan ramin allura ɓace mata yake yi. Ta ƙi gaya wa kowa, don ta san 'ya'yanta za su ɗauke keken su ce ta huta.

Jikan ya taka kujera ya sa rawayan, ya ja waya ya rataye farin can jikin katanga. Kafin a jima ƙwarin suka yi ƙaura, sai 'yan tsiraru. Sannan ya ciro wata ƙaramar fitila mai murfi, ya maƙala a kan keken, haskenta na sauka daidai kan allura.

"Wannan kuma fa?"

"Na daɗe ina ganin kina soka zare a iska. Bakina a rufe yake, amma gobe sai wajen likitan ido, ni da ke."

"In na ƙi fa?"

"In sake ki."

"Wa zai kwashe ka, da wannan kunnuwan?"

Ta laso bakin zaren, ta gwada. Ya shige. Ta dubi jikan nata, ta kwashe da dariya, ta jawo tef ɗin awo.

"Durƙuso in auna wuyanka, mummuna. Ka ci riga."