Kofin Sallau Mai Kaurin Ɓawon Albasa

Wani mutum ne a layinmu, Sallau, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya ba tare da an yanka ko kaza ba. Abin da ya mallaka shi ne injin nan mai narka zaren roba yana gina abu layi bisa layi, ka zana a kwamfuta ya fito maka da shi ka riƙe a hannu. Tun ranar da ya sayo shi muka shiga uku. Ka yi masa sallama, kafin ya amsa sai ya gaya maka abin da ya buga da injin jiya.

"Ni fa in na ga dama, sauro zan buga har da fukafukansa," in ji shi. "Tsoron cizo ne kawai ya hana ni."

Shagon da ke jikin nasa na Zinatu ne, ita ma irin injin gare ta. Sai dai ita ba ta da baki, aikinta kawai take yi.

Ran nan sai ga Hajiya Dudu mai zoɓo. Tana son kofuna ɗari biyu marasa nauyi, da sunanta a jiki. Ta ce kowannensu ya yi mata guda ɗaya ta gwada ranar Asabar, wanda nasa ya yi shi ke da aikin.

Zinatu ta ce, "Hajiya, jikin nawa zai yi layi uku."

Sallau ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan cinya. "Layi uku? Kofi aka ce, ba katangar gidan yari ba! Hajiya, nawa layi ɗaya ne tal, kamar ɓawon albasa. Ki ɗaga shi ki hango mai wucewa."

Da Hajiya ta tafi, Zinatu ta leƙo ta ce masa a hankali, "Malam Sallau, bakin injin nan yana da faɗinsa. In jikin kofin ya fi zaren da yake fitarwa siranta, tsallake wuri zai riƙa yi, ya bar maka ramuka. Yi ko layi biyu ne. Ka rage gudu, ka kunna fanka, ka duba hoton aikin a kwamfuta kafin ka danna."

"Ni za ki koya wa? Baiwar Allah, lokacin da na fara taɓa inji ke ko tafasa ruwa ba ki iya ba."

Ya shiga ya ƙure wa injin gudu. Zuuu, zuuu, ga kofi ya fito. Kyau kam ba a magana. Ya zuba ruwa, sai tsiriri ta nan, tsiriri ta can. Ya sake bugawa, haka. Ya buga na uku, wannan ma har ya fi 'yan'uwansa zuba. Taku huɗu ne tsakaninsa da ƙofar Zinatu, amma girman kai ya ɗaure masa ƙafa. Wallahi abin da ke ba ni haushi da mutumin ke nan.

Sai dabara ta faɗo masa. Ya sayo kyandir, ya narka, ya shafe cikin kofin tsaf har ramukan suka toshe. Ya ɗebo ruwan randa mai sanyi ya cika shi. Ko ɗigo! Ai zoɓo da ƙanƙara ake sha, wa zai gane?

Ranar Asabar bayan la'asar ya fito cikin farar shadda tana ƙarar sitaci, ya bi shago-shago ya tara mu.

"Jama'a, ku zama shaida! A cika kofin nan nawa da zoɓo, a kaina zan ɗora shi. In ɗigo ɗaya ya taɓa rigar nan, ku daina ce min Injiniya."

Hajiya Dudu ta ajiye kular zoɓonta, ta jawo filas daga jaka.

Sallau ya ce, "Hajiya, wannan fa?"

"Ruwan zafi. Ni sabon mazubi ba ya ganin zoɓona sai na ɗauraye shi. Haka na taras ana yi a gidanmu."

"A'a, ai a wanke yake! Injin da kansa yake wankewa."

"Injin ya san inda hannunka ya shiga?"

Ta ɗauraye na Zinatu, ta cika shi da zoɓo, ta ajiye a benci. Shiru, ko motsi. Ta ɗauki na Sallau, ta zuba ruwan zafi, ta jujjuya, ta watsar. Sai ga wani farin abu ya daskare a ƙasa.

"Wannan farin fa?"

"Man inji ne, Hajiya," in ji Sallau. "Alamar inganci ce."

Ta cika kofin taf ta miƙa masa. Ya dube mu, muka dube shi. Babu hanyar gudu, shi ya tara mu da bakinsa. Ya cire hula, ya ɗora kofin a tsakar ka, ya ƙame kamar soja.

Ɗis. Ɗis. Wani jan layi ya gangaro ta goshi ya tsaya a kan hanci.

Mai facin taya na layinmu ya ce, "Injiniya, yana zuba fa."

"Zufa ce."

"Zufa ja?"

"Na sha zoɓo da safe!"

Bai rufe baki ba kofin ya saki gaba ɗaya, shaaa, ta ko'ina. Ta kunne, ta ƙeya, ta cikin wuyan riga. Farar shadda ta koma ja tun daga kafaɗa har aljihu. Muka zube a ƙasa don dariya, Zinatu kuwa ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

Hajiya Dudu ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce wa Zinatu, "'Yata, kofuna naki ne." Sannan ta ɗauke kofin daga kan Sallau, ta ɗaga shi sama tana leƙen ramukan.

"Kai ma ba za ka tashi a banza ba, ɗan nan. Rariyar da nake tace zoɓo da ita ta yage tun jiya. Buga min irin wannan guda biyu, kada ka canza komai."