Ɗakin Rabi Sau Goma Sha Biyu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka shimfiɗa sirrin zuciyata a kan tabarmar Alhaji Mamman ba, har aka danne kusurwoyinsa huɗu da duwatsu don kada iska ta ɗauke. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ban daɗe da dawowa Matameye daga karatu a Damagaram ba. Na samu aiki a ɗan biron, wato ofishin, Malam Isufu, wanda muke kira patron, inda ake zana plan ɗin kuran, wato lantarki, na gine-gine: ina waya za ta bi, ina fitila, ina makunni, ina fanka. Patron mutumin kirki ne, amma ɗaki-ɗaki yake zanawa a ordinatar, wato kwamfuta, layi bayan layi, gini mai ɗaki goma sai ya cinye masa sati guda. Ni kuwa na dawo da sabuwar dabara, ina ta jin kaina (an ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni nawa har ado na yi masa).

Dabarar ba ta da wuya. Ka zana ɗaki ɗaya sau ɗaya, da fitilunsa da makunnansa da wayoyinsa, ka haɗe shi ya zama dunƙule guda, ka ajiye. Bulok ake kiransa. Duk ranar da ake son ɗaki, sai ka jawo shi ka dasa, kamar yadda mai buga bulo yake fitar da ɗari da ƙarfe ɗaya. Manhajar da kanta take sake wa wayoyi lamba, ta fitar da jerin kayan da za a saya. Patron ya ce in gwada ya gani.

To wane ɗaki zan fara zanawa? Nan ne na jawo wa kaina.

Alhaji Mamman, wani dattijo a garinmu, yana da ɗiya, Rabi, malama ce a lekol ɗin firamare. Kullum da rana takan wuce ta gaban bironmu da tulin littattafan yara a hannu. Ina sonta ƙwarai, amma abin da ya taɓa haɗa mu bai wuce "sannu da aiki, Malama" ba. Sau ɗaya na ga ta tsaya tana rubuta wa wata mata lambar waya, na lura da hagu take rubutu. Wannan ɗan abu na riƙe shi a zuciya wata da watanni.

Bayan azahar patron yakan tafi gida ya ɗan kishingiɗa. Gari ya yi tsit, fanka na juyawa a hankali, sai can nesa ka ji mai rake daga Tsauni yana cigiyar masu saye. A irin wannan lokaci na zana ɗakin. Ina zanawa ina ganinsa: labule shuɗi, tebur a bakin taga, ita a zaune tana duba littattafai, ni na shigo da sallama kamar mai gida na gaske. Kowace fitila sai da na yi tunanin idonta kafin in dasa. Ban tsaya nan ba, na rubuta dalilin kowane abu da ƙananan jajayen haruffa. Manhajar tana da wurin ɓoye rubutu, ka kashe shi ya ɓace daga allo amma yana nan. A can na zuba su, na kashe, na ɗauka na binne.

Bulok ɗin ya yi aiki fiye da zatona. Na dasa shi a gidan wani ɗan kasuwa, na dasa shi a wasu ɗakunan haya a Icirnawa, aikin sati ya koma na yini. Muna bugawa a ƙaramar na'urarmu, jan rubutu bai taɓa fitowa ba. Ni kuma a ɓoye ina jin daɗi, wai ga mutane can suna zaune a ɗakin Rabi ba su sani ba (ka ji rashin aikin yi).

Ana nan sai Alhaji Mamman da kansa ya kawo mana aiki. Masauki zai gina a Ɗan Barto, ɗaki goma sha biyu, don fataken da ke ƙetare iyaka. Na ce ga ranar da zan nuna masa ni ba yaron banza ba ne, in ya ga hannuna wataƙila wata rana in samu fuskar tura manyana. Na jawo bulok, na dasa sau goma sha biyu, kafin la'asar na gama. Patron ya yi murna har ya ce wannan plan ya fi ƙarfin ƙaramar takarda, zai kai shi Damagaram a buga a babba. Ban yi tunanin komai ba. Ashe na'urar can ba ruwanta da abin da ka ɓoye, duk abin da ke ciki take fitarwa.

Da takardar ta dawo, ni da patron muka kai ta da hantsi, muka tarar da Alhaji a ƙofar gida, ƙarƙashin itacen bedi, shi da abokan hirarsa biyu. Muka gaisa, na durƙusa a gefe. Patron ya warware takardar, aka danne ta da duwatsu. Kallo ɗaya na yi mata na ga ja, ja, ja, a kowane ɗaki.

Alhaji ya laluba aljihu, ya ce ya bar tabarau a ciki, Malam Isufu ya karanta masa ƙananan rubutun nan. Patron bai duba takardar ba tun da aka naɗe masa ita. Ya gyara murya, ya fara karantawa da alfahari.

"Ɗakin Rabi. Fitilar tebur ta zauna a dama, don bahaguwa ce, kada hannunta ya tare mata haske in tana duba littattafan yara."

Rabi dai suna da yawa a Matameye. Amma Rabi bahaguwa mai duba littattafan yara guda ɗaya ce, kuma muna zaune a ƙofar gidansu. Patron bai ankara ba, ya ci gaba. Ya karanta cewa kada fanka ta yi saitin tebur, za ta watsa mata takardu. Ya kai ga "makunni na biyu kusa da ga..." sai ya yi tari, ya yi shiru. Ɗaya daga cikin dattawan ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Can ya tambayi patron ko sauran ɗakunan ma haka suke. Patron ya duba, ya ce duka haka ne.

"Sha biyu," in ji Alhaji. "Ni kuwa Rabi ɗaya gare ni."

Sannan ya juyo wajena, ba fushi a fuskarsa, ba dariya. Ya ce fataken da za su sauka yawancinsu na dama ne, a mayar musu da fitila inda ya dace. Na ce to, Baba. Sai ya ƙara da cewa:

"A garin nan, mai neman ɗiyar mutane manyansa yake turowa da goro. Ban taɓa ganin wanda ya turo takarda daga Damagaram ba. Kana da kawu?"

Na ce ina da shi, kaina a ƙasa.

"Ƙafarsa lafiya?"

Na ce lafiya lau. Ya ce to madalla, a naɗe takarda.

Kwana uku ban bari mun haɗu da Rabi ba, da na hango ta sai in shige bayan ordinatar. A rana ta huɗu ta tsaya a bakin ƙofar biro, ta yi sallama, ta ce ta ji an gina mata ɗaki goma sha biyu ba a tambaye ta ba. Fitilar ta yi daidai, in ji ta, amma ita ba ta son fanka, mura take sa ta. Ta gyara riƙon littattafanta ta wuce. Wata shida ina lissafin inda zan rataya fankar nan.

Kawu ya je, an karɓi goro. Ɗakuna goma sha biyun nan kafin la'asar na gama su, amma guda ɗaya na gaske, na bulo da kwano, shekara biyu ya ci mini, kuma kowane makunni sai da na tambayi mai ɗakin. Har yau da bulok nake aiki, kuma ina koya wa duk wanda ya zo, don yana rage wahala ƙwarai. Sai dai abu biyu nake faɗa musu: kafin ka ba da plan a buga, kunna duk abin da ka ɓoye ka karanta da idon surukinka. In kuma kana son ɗiyar mutane, tura kawunka, ya fi na'urar Damagaram iya bakinsa.