Ranar da Na Koya wa Mai Kalangu Kiɗan Amurka

Sati biyu na yi ina sauraron tarihin wani baƙin Ba'amurke, ɗan 'yantaccen bawa, wanda kiɗan fiyanonsa, ragtaim, ya share wa kiɗan jaz hanya. Shi ke nan, na zama shehin kiɗa.

Ran sunan ɗan maƙwabcina mahauci a Ƙofar Doka, na tsuguna gaban dattijon da ke kaɗa kalangu.

"Baba, sirrin shi ne hannun hagu ya riƙe taki, na dama ya riƙa tsallake shi. Da haka mutumin ya yi suna."

"To Malam, nuna mana," in ji shi, ya miƙo min kalangun yana murmushi.

Na rataya, na matse a hammata, na daka har ina lumshe ido. Ashe tsallaken da nake taƙama da shi taken Mamman Guduma ne, wato kiɗan da ake kiran tsohon ɗan damben nan fili da shi. Kuma yana wurin. Ya ture kwanon tuwo, ya miƙe yana tsuma, yana naɗe hannu da rawaninsa.

"Wa ke nemana?"

Kowa ya nuna ni, har mai kalangun.

"Wallahi Alhaji, kiɗan Amurka ne!"

"To Amurkan ta fito!"

Ban tsaya cire kalangun ba. Da shi na ruga har unguwar Kwarbai, kalangun yana dukan bayana.

Har yau in na je sayen nama, sai mahauta su hau kaɗa min taken da wuƙaƙe a kan teburi: "Ba'amurke, Guduma yana gaisuwa!"